Jinin Bayan Labule

Shafi na 17

"Na ce ba zan bayar ba, Yaya! Ko sau ɗari za ki tambaya, amsar ɗaya ce."

"Sassauta murya, Auta. Asibiti ne nan, ba shagon katakonka ba."

"Ai ke kika kawo ni. Ina zaman zamana kika aiko wai jikinki ya motsa, na bar mai sayen kaya a tsaye na taho a guje. Dubi takalmin da na sako, wari da wari. Ashe ma kin fi ni lafiya."

Iya Allura ta leƙa ƙafafunsa. Gaskiyarsa kuwa, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan toka, kuma duk na ƙafar hagu. Dariya ta taso mata har wuya, ta mayar da ita tari, don yau ba ranar dariya ba ce.

Ku da kuka shigo mana a makare, ku matso in gaya muku. Iya Allura ita ce nas ta farko a ɗan asibitin unguwar nan. Ta ajiye aiki tuni, amma babu mazaunin da ya kwana biyu a duniya a unguwar da bai san hannunta ba. Har gobe in ta ratso layi, sai ka ga manyan magidanta masu gemu sun gyara tsayuwa sun jingina bayansu da bango. Wanda take faɗa da shi kuwa ƙanenta ne, Mai Katako. Furfura ta cinye masa rabin kai, ga jikoki, amma a bakinta Auta ne har abada.

A tsohon ɗakin allura ta ritsa shi. Yanzu ɗakin ajiya aka mayar da shi, kwalayen auduga har rufi, ga keken marasa lafiya mai ƙafa uku, ga sikelin awon jarirai da ya auna rabin unguwa an kifa shi a kan kabad kamar tsohuwar tasa. Ƙamshin maganin wanke ciwo ne kawai bai canja ba.

Aka ƙwanƙwasa. Ƙaramar Sista ce ta leƙo, 'yar Mai Katako ta fari, wadda ta gaji farin kayan goggonta a asibitin.

"Goggo, Likita ya ce in tambaya ko an dace."

"Ga shi nan dai, muna ta gaisawa."

Ta shigo ta rufe ƙofa, ta ƙi haɗa ido da ubanta.

"Jinin Baba Mahauci ƙara sauka yake yi. Likita ya ce gyambon cikin ya zubar da yawa. Ko a mota ba zai yarda a saka shi ba sai an yi masa ƙarin jini, kar ya cika a hanyar babban asibiti."

"Ina 'ya'yansa?" in ji Mai Katako. "Ko ba shi ke cika baki ya tara maza ba?"

"An gwada su duka, Baba. Na uwarsu suka ɗauko. Babban asibiti ma mun kira, sun ce irin nasa babu ko leda ɗaya, sai dai a jira gobe."

"To a jira goben mana."

"Ba zai kai gobe ba, Auta," in ji Iya Allura. "Kai ma ka sani. Irin jinin nan ku biyu kuka rage da shi a unguwar nan. Daga kai sai shi."

"To ashe daga yau saura ni kaɗai."

"Baba!"

"Kar ki Baba ni. Ke ma da bakinki aka haɗa wannan tarkon."

Ni dai ban ce komai ba, amma kowa a unguwa ya san gabar Mai Katako da Mahauci ta girmi Ƙaramar Sista. Bango ɗaya ya raba gidajensu. Wai a kan magudanar ruwa aka soma, wannan ya ce ruwan wankin naman wancan na bi ta ƙofarsa, wancan ya ce garin katakon wannan ne ya toshe hanya. An gyara magudanar, an zuba mata siminti, an ma sake gyara ta, gaba tana nan daram. Mai Katako sai ya hau mota biyu zuwa wata kasuwa ya sayo nama, ga na maƙwabcinsa yana gani. Shi kuma Mahauci bencin da yake zama a kai ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni, ya gwammace ya tokare shi da bulo da ya kai shagon da ke jikin gidansa. Sau biyu yana kifawa da shi a gaban masu ciniki.

Iya Allura ta ture wani kwali ta zauna. Ta ga faɗa ba zai yi ba, sai ta canja murya, ta ɗauko irin wadda take lallashinsa da ita lokacin da yake ƙin wanka.

"Auta, ka tuna ranar da aka ɗora wa ɗakin nan rufi?"

"Ba tarihi na zo ji ba."

"Kai ne ka faɗo daga kan tsani da bokitin ƙusa."

"Ba faɗowa na yi ba. Tsalle na yi."

"Tsalle da ihu har da kiran Inna?"

Ƙaramar Sista ta toshe baki. Shi ma gefen gemunsa ya ɗan motsa, ya yi maza ya ɗaure fuska.

"Ke ba ki san komai ba, 'yar nan," Iya Allura ta juya ga yarinyar. "Kin zo kin tarar da janareta da ɗakin gwaji da mota mai jiniya. Da can ɗaki biyu ne nan, rumbun wata mai sabulu. Ita ta bayar kyauta bayan 'yarta ta rasu a hanyar babban asibiti, naƙuda a cikin motar haya. Ta ce ba za a sake ba. Kowane gida ya kawo abin da ya iya, mai bulo bulo, mai yashi yashi. Mata muka yi ta jidar ruwa har wuyanmu ya shige. Likitan farko a keke yake zuwa, jakarsa a ɗaure a baya da roba, shi ya sa har ya koma ga Allah ba a san shi da wani suna ba sai Likita Mai Keke. Firij ɗinmu na kananzir ne, in ya yi fushi sai an lallashe shi kamar amarya."

"Kin manta ƙarfen," in ji Mai Katako, yana kallon rufi kamar ba shi ya yi maganar ba.

"Ina zan manta? Ƙarfen tayar babbar mota, a rataye jikin bishiyar bakin ƙofa. In ana neman jini sai in fito da guduma in ba shi wuta. Wallahi 'yar nan, da kin ga maza. Tela ya bar keke yana juyi, mai burodi ya fito da gari har gira. Akwai ranar da wanzami ya taho da gudu, wanda yake yi wa aski ya biyo shi da rabin kai, su biyun suka shiga layi."

"Rabin kai da kumfa," in ji Mai Katako. "Kumfar har ta bushe masa."

Suka yi dariya su biyu, irin ta mutanen da suka sha nono ɗaya. Sai dariyar Iya Allura ta yanke. Yawancin mutanen layin nan yanzu suna ƙarƙashin ƙasa. Bishiyar ma an sare ta an yi wurin ajiye motoci.

"To labulen fa, Goggo? Kullum ana cewa jinin bayan labule, ban taɓa jin mafarinsa ba."

"Wanzamin nan dai shi ya jawo. Ya ba wani mai shago jini, mutum ya warke. Shi ke nan fa, kullum da an sauke tukunya a gidan mai shago sai ga wanzami da sallama, wai ya zo gaida jininsa. Ya ci, ya sha, ya yi gyatsa, ya dafa cikin mai gida ya ce, 'Ka dai kula min da shi.' Har mai shago ya zo nan da hawaye, ya ce Likita don Allah a zuƙe a mayar masa da abinsa."

Ƙaramar Sista ta durƙushe don dariya.

"Ranar Likita Mai Keke ya sa tela ya ɗinko koren labule. Ya kafa doka. In an buga ƙarfe kowa ya shiga bayan labule shi kaɗai. A ɗebi na mutum da yawa, wanda ba a buƙata ya shiga firij. Wanda ba a ɗeba ba ma sai an manna masa auduga a hannu, an ba shi shayi mai sukari, ya fito yana yatsina kamar kowa. Mai bayarwa bai san inda nasa ya tafi ba, mai karɓa bai san na wa ya shige shi ba. Ni kaɗai na sani, ni da Likita. Ya sa na yi rantsuwa ko a gadon mutuwa ba zan buɗe baki ba."

"Kuma ba ki taɓa ba?"

"Ni da ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai sai na ba da labari? Ai shi ya sa ake mamaki. Amma wannan ɗaya na riƙe. Akwai masu zagin juna a unguwar nan da jinin juna a jikinsu, ina ji ina wucewa, cikina kamar ya fashe."

Ta kalli ƙanenta, ta kalli ƙafarsa ta dama, wadda yake ɗan ja in yana tafiya. Ta ce a ranta, Likita Mai Keke ka yafe ni, rai ne a gabana.

"Auta, zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Ranar da injin yankan katako ya kama cinyarka, kana saurayi, aka kawo ka a kan ƙyauren shago. Ka yi fari fat kamar takarda. Inna tana birgima a bakin ƙofar can. Na buga ƙarfe har hannuna ya fashe. Maza suka cika layi, aka duba, babu irin naka sai mutum ɗaya."

"Yaya."

"Bari in ƙarasa, tunda na riga na karya. Leda biyu na ɗeba a jikinsa, abin da doka ma ba ta yarda ba. Shi ya ce in ƙara. Ya miƙe zai tafi jiri ya kwashe shi, ya fasa goshi a bakin gado a ɗakin nan. Tabon yana nan har yau. Mahauci ne, Auta. Da jininsa ka tashi, ka yi aure, ka haifi wannan da ke tsaye."

Ƙaramar Sista ta dafe ƙirji.

Iya Allura ta jira. Ta ɗauka zai zube kan kwali, ko ya yi salati, ko ya ce ƙarya ne. Sai ta ga ya yi wani murmushi mai ɗaci.

"Shi ke nan sirrin?"

"Kamar yaya shi ke nan?"

"Ai na sani."

"Ka san me?"

"Na sani tun kafin a haifi yarinyar nan. Ke kin ɗauka a kan ruwan magudana nake gaba da mutum rabin rayuwata? Ni mahaukaci ne?"

Ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. "Wa ya gaya maka? Likita bai faɗa ba. Ni kuwa Allah ne shaidata."

"Shi da kansa. Ranar rigimar magudana, mutane sun taru ana ba mu haƙuri. Ya matso kamar zai ba ni hannu, ya sa baki a kunnena, yana murmushi. Ya ce, 'Yi a hankali, yaro, kar ka tafasa min jini, nawa ne ke yawo a jikinka.' Ba wanda ya ji sai ni. Mutane suna ta cewa kai, Mahauci akwai sanyin hali."

"Gori ya yi maka?"

"Gori, Yaya. Da jini. Tun ranar ko sauro ya cije ni sai in ji kamar kayan wani ake sata. In na yi fushi in tuna, in na yi dariya in tuna. Ranar da aka haifi 'yar nan na ɗauke ta, abin da ya fara zo min shi ne ko da rabonsa a jikinta."

"To shi a ina ya sani? Mutum huɗu na ɗeba ranar don in ɓatar da sawu. Kowa ya fita da audugarsa."

Mai Katako ya yi dariya har da buga cinya.

"A wurinki mana."

"Ni?"

"Ke. Ke da ba ki gaida kowa a unguwa sai dai a gaishe ki. Daga ranar kika koma durƙusa masa har ƙasa. 'Ina kwana Baban yara, ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki.' Nama ko ba ki da buƙata sai kin saya a wurinsa, ba ki taɓa neman ragi ba, ke da kike taya albasa kamar za a yi dambe. Matarsa ta haihu kika kwana uku a gidan kina hidima. 'Ya'yansa in sun zo allura har hura musu wurin kike yi, mu 'ya'yanmu ki caka musu kamar kina huda buhu. Ko bencinsa ne ai ya gane, balle shi."

"Gaskiya ne, Goggo," in ji Ƙaramar Sista a hankali. "Mu ba kya hura mana."

"Ke rufe min baki."

Iya Allura ta koma ta zauna. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Shekara da shekaru tana taƙama ta riƙe amana, tana tafiya da ƙirji a gaba, ashe bakin ne kawai ya yi shiru, gwiwoyinta sun gama shela.

"To na ji," ta ce da ƙyar. "Ya yi maka ba daidai ba. Amma mutum ne kwance, Auta. Ka bayar a bayan labule yadda aka saba. Ba mai sani."

"A'a."

"Don darajar Inna."

"Kar ki sako Inna. Zan bayar."

Su biyun suka ɗago kai lokaci guda.

"Zan bayar, amma ba labule. A kai ni ɗakin da yake, a jera min gado kusa da nasa. A tashe shi in barci yake. Ya buɗe ido ya ga ledar tana cika daga hannuna. 'Ya'yansa su shigo, matarsa ta shigo, duk wanda ke baranda ya leƙo. In an gama gwaje-gwajenku a kawo a rataya masa ina zaune. Ba godiya nake so ba. So nake in matsa kusa da kunnensa, ni ma in faɗi tawa."

"Baba, wannan ai ba taimako ba ne."

"Jini dai kuke nema ko? Ga shi. Ja ne, irin nasa ne."

"Auta, tunda aka kafa asibitin nan ba a taɓa ba da jini ido na ganin ido ba. In aka fara a kanka, gobe kowa sai ya zaɓi wanda zai ba. Ka san abin da muka sha kafin mu kai nan."

"Ke kika fara karyawa, yanzun nan, a ɗakin nan."

Iya Allura ta sunkuyar da kai. Ta tuna mazan nan a layi, kowa da audugarsa a hannu, kowa yana hura shayinsa, ana tsokanar juna, mai kuɗi da mai dako a benci ɗaya ba wanda ya fi wani. Abin da ya rage mata ke nan na zamaninta. Ta tuna kuma fuskar Mahauci ɗazu da ta leƙa shi, leɓɓansa sun yi fari, idanu sun faɗa.

"Goggo," Ƙaramar Sista ta taɓa kafaɗarta. "Likita yana jira."

Iya Allura ta share ido da bakin mayafi.

"Je ki ce a shirya gado. Kusa da nasa."

Mai Katako ya tsaya yana kallonta. Bai zaci za ta yarda ba. Ya ga hawayen, ya kau da kai, ya soma naɗe hannun rigarsa a hankali. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "In ya yi shiru, ni ma ƙila ba sai na ce komai ba."

Sai aka ji tari daga jikin bango.

Kun san bangon da ya raba ɗakin ajiya da ɗakin maza ba na bulo ba ne, falanki ne siriri, ko attishawa aka yi a can sai an ce maka sannu a nan. Gadon Mahauci kuwa a jikinsa yake.

"Iya Allura..."

Muryar kamar daga cikin rijiya, amma ba mai ɓata ta.

"Na'am, Baban yara. Sannu. Kwanta abinka, kar ka wahalar da kanka."

"Na ji komai... Ki ce wa ƙanenki ya shigo. A buɗe ƙofa ma, kowa ya gani."

Ƙaramar Sista ta saki ajiyar zuciya. Iya Allura ta ɗaga hannu sama.

Aka sake tari, mai tsawo.

"Amma ki gaya masa ya daina cewa bayarwa... Mayarwa zai yi. Leda biyu ce. Kar ya kawo min ɗaya ya ce mun rabu."

Mai Katako ya dubi yayarsa. Ya dubi 'yarsa. Ya kama hannun rigar da ya naɗe ya warware shi har wuyan hannu, ya ɓalla maɓalli.

"Kin ji ko, Yaya? Ƙafarsa ɗaya a kabari."

"Auta, zafin ciwo ne, bai san abin da yake faɗa ba!"

"Ya sani sarai."

"Baba, don Allah, ka tsaya!"

Ya ture kwalin auduga da ƙafa, ya finciki ƙofa, ya juyo ya ɗaga murya yadda har na baranda za su ji.

"Ka ce naka ne ko? To taso ka ƙwata!"

Ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfi, garam!